Shekarar da Zahalu Ya Ɓoye Zobensa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai, a ƙofar masallaci, har wajen mai naman da nake saya a kasuwar Muda Lawal, kowa sai ya tare ni da cewa, to Malam Isiyaku, an ga zoben? Nakan ce an gani kuma ba a gani ba, in wuce abina. Sun ce wannan ba amsa ba ce, kuma da gaskiyarsu. Watanni ke nan ina kauce wa labarin saboda akwai inda bai yi mini daɗi ba. Yau dai na zauna in ba da shi tun daga tushe, kowa ya ji, a bar ni in sarara.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Bauchi, shekara ashirin da ɗoriya. Abokin tafiyata kuwa Baba Yohanna ne, mai fenti, mutumin Bogoro da ke zaune a Yalwa. In kun taɓa ganin taswirar Nijeriya ko hoton zuciyar ɗan Adam a bangon wata makaranta a garin nan, da wuya in ba hannunsa ba ne. A cikin duk abin da yake zanawa ba abin da yake so kamar Zahalu, duniyar nan mai launin ƙasa-ƙasa da faffaɗan zobe ya kewaye ta. Daga wani shafin tsohon littafi yake kwafarsa, shafin da ya naɗe a leda yake yawo da shi a aljihu. Ya taɓa ce mini zuciya ya gan ta a mahauta, ƙasar da ke taswira ya taka ta da ƙafarsa, amma wannan shekara talatin yana zana shi bai taɓa sa shi a ido ba. Har yakan tsokane ni da cewa anya ba Turawa ne suka yi masa kwalliya ba.

Sai hawan jinin ido ya kama shi. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama kuma ya riƙa tsukewa, ya ce gani yake kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Likita bai ɓoye masa ba: maganin ɗigawa jinkiri kawai yake kawowa.

Ina da yaya, Dije, tana aure a Garwa ta ƙasar Kamaru. Mijinta Alhaji Hamadu tsohon safiyo ne, mai awon ƙasa, da ya yi ritaya, yana da madubin hangen taurari da ya saya hannun wani Bature da zai koma gida. Bara da kaka Yaya Dije ta bugo ta ce Alhaji ya ce in kawo abokin nawa yanzu, sama ta wanke, ana ganin Zahalu da zobensa tun bayan magariba.

To a nan ne na yi malantata. Na karanta cewa da bazara mai zuwa rana za ta tsaya daidai kan tsakiyar Zahalu, kamar yadda take yi wa tamu duniyar a watan Maris da na Satumba, sai dai shi sai wajen shekara goma sha biyar yake samun haka sau ɗaya. Na yi lissafina irin na aji: in rana ta tsaya a tsakiya, ai haske ya kai maƙura, mu nan Bauchi mun san zafin Maris. Zoben kuwa a tsakiyar yake. Ke nan ranar zai fi kowace rana ƙyalli. Na ce wa Baba Yohanna mu haƙura wata bakwai, ya ga abin a cikar kyansa. Ya ce, "Kai ne malami." Da na faɗa wa Alhaji Hamadu lokacin da na zaɓa, ya yi ta murna a waya da Hausarsa mai ruwan Fillanci, yana cewa sai masani na gaske ke zaɓar wannan lokaci. Kaina ya kumbura, ban tambaye shi me yake nufi ba.

A cikin watannin nan bakwai Baba ya ajiye kekensa, ya fara karo da ƙyauren ƙofa. Ina gani, na yi kamar ban gani ba.

Ranar tafiya matarsa Mama Rifkatu ce ta kawo shi tasha. Ta miƙo mini ƙunshin masa mai zafi da 'yar kwalbar maganin ido, ta ce safe da yamma, ɗigo ɗai-ɗai, kada in bari ya ce ya manta. Baba kuma yana rungume da wani allon katako da aka naɗe a zani, tsarabar da ya yi wa Alhaji: Zahalu da zobensa, fenti uku. Direba ya yi juyin duniya a sa shi a but, Baba ya ce sai dai shi a sa shi a but ɗin. Haka ya ɗora shi a cinya, kusurwarsa tana sukar haƙarƙarina har Gombe.

Kusa da mu akwai wani ɗan kasuwar hatsi mai son magana. Ya tambayi abin da ke cikin zanin, aka nuna masa, ya ce shi bai yarda akwai wata duniya mai zobe ba. Ni kuwa abin nema ya samu. Daga Alkaleri na buɗe aji, ban rufe ba sai da muka hango Gombe. Na bayyana wa mota guda yadda rana za ta tsaya a kan zoben ya riƙa walƙiya kamar sabon kwano. Har wata mata a kujerar baya ta sa mini albarka. Duk lokacin da na tuna wannan darasi sai in ji kunya ta rufe ni, Allah ya sa kada ɗayansu ya karanta wannan.

Bayan Kaltungo taya ta fashe. Muka zauna gindin wata ɗorawa muka ci masar Mama Rifkatu, muka ba direba da ɗan kasuwar. Wata babbar mota ta tsaya kusa da mu, Baba ya tashi ya je ya kara fuskarsa da jikinta, yana bin zanen zakin da ke bayanta kaɗan-kaɗan, daga kai zuwa wutsiya, domin ba ya iya ganinsa gaba ɗaya. Ya dawo ya ce mai zanen yaro ne mai hannu, amma bai taɓa ganin ko kyanwa tana tafiya ba.

Mun kwana a Jimeta a wani masauki kusa da tasha. In aka gwada da zafin garin nan, na Bauchi wasa ne. Fanka tana juyawa, amma iskar da take kawowa kamar ta fito daga tanda. Da na zo ɗiga wa Baba magani bayan magariba sai na kuskure, ɗigon ya sauka a kunci. Ya ce, "Malam, kuncina lafiyarsa ƙalau." Na sake, ya shiga. Ya kwanta yana shafa bangon ɗakin da tafin hannu, ya ce wanda ya yi wannan fenti bai goge bangon ba kafin ya shafa, ya dai rufe aibi ne kawai.

Washegari muka kama hanyar iyaka, hanyar da ba ta bar mana haƙori ɗaya a zaune ba. A ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. A nasu ɓangaren ne wani jami'i ya kwance zanin, ya ɗaga allon, ya juya shi sama da ƙasa, ya yi ta zuba Faransanci. Ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba, Fillancina ma haka, duk da na tashi cikin Fulani. Na yi Turanci, na nuna sama da yatsa, abin ya ƙara dagulewa. Ashe ya ɗauka allon shago ne muka shigo da shi sayarwa. Wata tsohuwa mai tallar kindirmo ce ta shiga tsakani. Ta dubi zanen ta faɗa masa wani abu da Fillanci, ya fashe da dariya. Na tambaye ta me ta ce, ta ce ta gaya masa kabewa ce aka ɗora a faifai, tsoho ya zana wa surukinsa, wa zai sayi wannan? Baba ya ji haushin kabewar, amma da ita aka buga mana hatimi.

Garwa gari ne mai inuwar dogon yaro da yawan babura. Abin da ya fara ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar sanda, ba leda ba takarda, mutum ya saƙale shi a hammata ya hau babur cikin wannan zafi. Mu da ko burodin da aka ɗan taɓa da hannu sai mun yi wa mai shago ƙorafi. Da rana ta take kuma sai gari ya mutu, a rufe shaguna, kowa ya je ya kwanta, ba mai ce masa rago. Yaya Dije ta zama tasu sarai. Da safe ta tsaga burodin nan ta cika shi da wake ta miƙo mana da kofi, ni da na zo da ran kunu da ƙosai. Na yi gunaguni, ta ce in na koma Bauchi in sha kunun har ya fito mini ta hanci. Amma da rana ta yi tuwon masara da miyar yakuwa da giwan ruwa sabon kamu daga kogin Binuwai, na yafe mata burodin. Baba ya ci har ya sassauta ɗamara.

Alhaji Hamadu siririn dattijo ne mai farin gemu, komai nasa da ƙa'ida. Ya karɓi allon da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya rataye shi a falonsa da kansa. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna ni ya ce ga surukinsa masani, wanda ya ƙi zuwa da kaka ya jira babbar rana. Ni kuwa ina ta sunkuyar da kai irin na masu tawali'un ƙarya. Ya ce a wannan lokaci Zahalu ba ya fitowa sai gab da asuba, can ƙasa-ƙasa a gabas kusa da gamzaki, saboda haka zai tashe mu kafin kiran salla.

Asubar farko hadari ya rufe gabas. Ta biyu ruwa ne ma aka yi, na farkon damina. Na ji Baba yana tambayar Yaya Dije ko kwana nawa hadarin garin nan yake yi. Izinin kwana biyar na ɗauka a makaranta, saura mana asuba ɗaya.

Ta uku sama ta waye tas. Muka hau soro, ina riƙe da hannun Baba a matakala. Madubin wani bututu ne mai kaurin bokiti a kan ƙafafu uku. Alhaji ya daidaita shi, ya leƙa, ya yi hamdala, ya ce masani ya fara.

Na sa ido. Ga ƙwallo nan mai launin ƙasa-ƙasa, yana ɗan rawa. Wani siririn baƙin layi ya ratsa tsakiyarsa, ga 'yan ɗige-ɗigen haske a jere a gefe. Zobe kuwa babu. Na goge idona na sake dubawa. Na ce wa Alhaji ko dai ba shi ba ne, ko madubin ya samu matsala.

Ya yi dariya don ya zaci wasa nake. Da ya ga ba wasa ba ne sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Malam Isiyaku, ba don wannan ka zo ba?"

Ya sauka ya ɗauko faifan Yaya Dije da tocila. Ya haska faifan daga sama, fuskarsa ta yi fari. Ya ce haka rana take yi wa zoben a sauran shekaru, daga sama ko daga ƙasa, a karkace. Sannan ya sauko da tocilar daidai bakin faifan, haske ya wuce ta sama ya wuce ta ƙasa, fuskar faifan ta yi duhu. Ya ce zoben faɗi gare shi ba kauri ba. Ranar da rana ta tsaya kan tsakiyar Zahalu, bakin zoben kawai take samu, sai ya dushe. Mu ma daga nan kusan ta bakin muke kallonsa. Da kaka, in ji shi, ya riga ya sirance amma yana haske, kowa zai gane zobe ne.

Wata bakwai na idon mutum na ɗauka na zubar, don kawai ban iya cewa ban sani ba, in tambaya. Baba yana tsaye a bayana, ya ji komai.

Ya ce, "Ku matsa in gani, kafin gari ya waye."

Na kama kafaɗarsa na kai idonsa na dama bakin madubin. Ya yi ta neman wurin, ya matsa hagu, ya matsa dama, sai ya tsaya cak. Ramin leƙen ƙarami ne, daidai da abin da ya rage masa. Ya daɗe. Alhaji yana ɗan juya bututun a hankali don kada ƙwallon ya fice. Aka fara kiran salla a masallacin unguwa bai ɗago ba.

Can ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Na ga zaren. Da ɗigo ɗaya a gefe."

Alhaji ya ce wannan shi ne babban watansa, akwai wasu biyu ƙanana kusa. Baba ya ce su bai gan su ba, ba kuma zai ce ya gani ba.

Muka sauka muka yi salla, shi ya zauna a soron. Da muka dawo rana ta fara fitowa, muka same shi tsaye jikin katangar soron. Ya kira mu ya ce mu dubi bangon nan. Jiya da rana na gan shi sumul. Yanzu da hasken ya zo masa ta gefe, kowane ƙurji na siminti ya fito da doguwar inuwarsa, har sawun cokalin magini ana gani. Baba ya ce shi ba ya karɓar bango daga hannun magini sai da sassafe ko da yamma lis, domin rana tsaka maƙaryaciya ce, tana rufe komai. Ya tambayi Alhaji, in haka rana take yi wa zoben yanzu, ashe duk wani tudu da ke kansa zai fito?

Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya sauka da sauri ya dawo da wasu hotuna da ya adana, waɗanda wani kumbo ya ɗauka daga kusa a irin wannan lokaci da ya wuce. Ga zoben ya yi duhu-duhu, ga inuwar wani ƙaramin wata ta miƙe a kansa siririya kamar tsinke. A bakin zoben kuma ga tuddan ƙanƙara da ba a san da su ba sai da inuwarsu ta tona su. Alhaji ya ce masana sun jira shekaru don wannan haske, abin da mai fenti ya faɗa yanzu shi suka je nema. Baba ya kara hoton da idonsa yana bin inuwar daga tushe zuwa ƙarshe, yana gyaɗa kai.

Sai ya tambayi yaushe zoben zai dawo. Alhaji ya ce nan da 'yan watanni zai zama farin zare, amma ya buɗe kamar na allon, sai an yi shekaru.

A hanyar dawowa ban buɗe aji ba. Sai da muka wuce Numan na iya buɗe baki na ce, "Baba, na cuce ka. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ka cuce ni, Malam. Na so in ga zoben nan." Sannan ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: in nema masa izinin bango ɗaya a makarantarmu, kuma shi zai zaɓa.

Ya zaɓi bangon arewa na ajin ƙarshe, wanda ba kowa ke bi ta wajen ba. Sati biyu ya yi yana aiki, Mama Rifkatu tana kawo shi a keke napep, ni ina haɗa masa fenti yadda ya ce, don launuka sun fara rikice masa. Ya zana ƙwallon babba, ba zobe. Ya ja siririn layin siminti ya ratsa tsakiyarsa ya wuce hagu da dama, ya kafa farar tsakuwa guda a kan layin daga gabas. Na ce a ƙara biyu, tunda Alhaji ya ce uku ne. Ya ce in na ga dama in zana nawa bangon. Shugabar makaranta ta zo ta duba ta ce wannan ba irin na littafi ba ne, yara za su faɗi jarrabawa. Na ce mata na littafin yana bangon gaba, shi ma shi ya zana shi, kuma daga yau ni zan koyar da duka biyun.

Ban gane dalilin zaɓen bangon ba sai a watan Satumba. Wata safiya Mama Rifkatu ta kawo shi tun kafin a buga ƙararrawa. A lokacin idon ya rufe, sai dai ya bambance haske da duhu. Ta ce tun jiya yake damunta wai lokaci ya yi. Bangon daga gabas zuwa yamma ya miƙe, rana kuma ta kusa dawowa tsakiyar tamu duniyar, tana fitowa kusan daidai bakinsa. Shekara ashirin ina koyar da wannan a cikin ajin, ban taɓa fitowa na dubi bayansa ba.

Ya lalubi layin simintin da yatsa, ya bi shi har ya taɓa tsakuwar. Ya janye hannunsa don kada ya tare hasken.

"Malam, inuwar ta kai ina?"

Na ce ta ratsa ƙwallon gaba ɗaya, ta fita ta ɗaya gefen.

Ya ce, "To kira yaran su gani. Ba ta daɗewa."